CIWO, ITACEN KURMI MAI MAGANI, YANA NEMAN ƁACEWA A ƘASAR JABA

Matafiyin da ya bi hanyar da ta tashi daga Kwoi zuwa Nok a tsakiyar rani, bayan gobarar daji ta lashe ciyawa, yawancin itatuwa kuma sun kaɗe ganyensu, zai lura akwai wuraren da rani bai taɓa ba. A bakin rafuka da gindin duwatsu zai hangi kurmi kore shar kamar ana tsakiyar damina. In ya ratse ya shiga ciki ya ɗaga kai, zai ga wani itace mai yaɗo, wani wurin kaurinsa ya kai damtsen ƙato, ya nannaɗe manyan itatuwa ya hau har ƙololuwa inda ya baza ganyensa a rana. Wannan itace shi Hausawa ke kira ciwo.

A rubuce sunansa ɗaya ne da ciwo na rashin lafiya, amma tun kaka da kakanni magani ake nema a jikinsa. Yara suna shan 'ya'yansa, masu maganin gargajiya suna aiki da ganyensa da ɓawonsa da saiwarsa, sa'an nan an yi zamanin da Turawa suka riƙa sayen danƙonsa da kuɗi. Yau ciwo yana cikin hatsarin da bai taɓa shiga irinsa ba, domin kurmin da yake rayuwa a ciki shi ake sarewa, shi kuwa ba ya iya tsayuwa da kansa sai ya sami abin da zai jingina.

IRI BIYU, SUNA ƊAYA

Likita Dalziel, wani Baturen asibiti da ya yi aiki a Arewa, ya buga littafin sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa a 1916, a ciki kuwa ya nuna cewa iri biyu ne Hausawa suka haɗa suke kira ciwo. Na farko masana tsirrai suna kiransa Landolphia owariensis, na biyu kuma a yau ana kiransa Saba comorensis. Dukansu dangin tumfafiya ne da kariya, shi ya sa in aka sari jikinsu sai farin ruwa mai kama da nono ya tsattsafo.

Sunan na farkon yana da labari a ƙasar nan. A 1786 wani matuƙin jirgin ruwa mutumin Faransa, Kyaftin Landolphe, ya kafa wurin ciniki a ƙasar Sarkin Wari, ya kuma zo da wani masanin tsirrai mai suna Palisot de Beauvois. Wannan masani shi ya fara rubuta bayanin itacen ga Turawa, sai ya laƙaba masa sunan kyaftin ɗin ya haɗa da sunan Wari. Watau dai duk inda aka ambaci wannan itace a jami'o'in duniya, sunan wani gari na Nijeriya ake ambata. Inyamurai kuma suna kiran 'ya'yansa utu, ana kuwa sayar da su a kasuwannin ƙauyukansu.

Ba wuya a gane ciwo. Ganyensa biyu-biyu yake fitowa, ɗaya na duban ɗaya, yana da kauri da sheƙi, ba ya kuwa kaɗewa gaba ɗaya ko da rani ya yi tsanani. Yana da wasu siraran rassa masu lanƙwasa kamar ƙugiya, da su yake kama reshen itace ya ja jikinsa sama. Furensa fari ne mai ƙanshi. 'Ya'yansa zagayayyu ne kamar lemo, na iri na biyun sun fi girma, in sun nuna sai ɓawon ya koma rawaya ko ja-ja. A ciki akwai ƙwallaye da yawa, kowanne lulluɓe da tsoka mai tsami da ɗan zaƙi-zaƙi. Tsakanin bazara da tsakiyar damina aka fi samunsu.

INDA YAKE SON ZAMA

Abu uku ciwo ke bukata: damshi a ƙasa, inuwa lokacin da yake ƙarami, da dogon itacen da zai hau ya iske rana in ya girma. A Arewa kuwa kurmi kaɗai ke haɗa waɗannan abubuwa uku.

Ƙasar Jaba da Kagoro da Jama'a tana gindin tsaunukan Jos ta yamma, inda iskar damina da ke tasowa daga teku ke cin karo da duwatsu ta zubar da ruwanta. Kafancan kan sami ruwan sama kimanin inci 60 a shekara, watau wajen milimita 1,500, kusan ninki biyu ke nan na abin da Kano kan samu, damina kuma kan ɗauki wata shida zuwa bakwai, daga Afrilu zuwa Oktoba. Saboda haka ne a bakin rafukan wannan yanki ake samun itatuwan da a bisa al'ada na dazuzzukan Kudu ne, irin su loko da kwakwar manja da tukurwa da atili. Ganyen da ke zuba yana ruɓewa ya zama baƙar ƙasa mai taushi, inuwa kuma tana hana ta bushewa. A irin wannan ƙasa ce ƙwallon ciwo ke tsira.

In ya sami kurmi mai kyau, tsawonsa kan wuce ƙafa 60, a manyan dazuzzukan Kwango ma ya ninka haka. In kuwa ya tsira a fili inda babu abin hawa kuma wuta na bi duk shekara, sai ya tsaya a ɗan guntun itace mai cunkushewa. Saiwarsa tana da juriya, takan sake tofowa bayan gobara, amma ba ya kai girman na kurmi.

Akwai wani abu game da irinsa da ya kamata duk mai son shuka shi ya sani. Ƙwallon ciwo ba kamar gero ko wake ba ne da za a shanya a zuba a rumbu sai baɗi. Da zarar ya bushe ya mutu. Dole a shuka shi ɗanye, kwanaki kaɗan bayan an sha tsokar, a wuri mai inuwa da laima. A daji birai ne ke yin wannan aiki: su sha 'ya'yan a kan wannan itace, su je su yar da ƙwallayen a gindin wancan. Inda mafarauta suka ƙarar da birai, yaɗuwar ciwo ma takan ragu.

MAGANIN DA AKE YI DA SHI

Mutanen wannan yanki sun daɗe suna ci daga gona suna kuma ci daga kurmi. A kusa da Nok ne masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, wanda daga baya Bernard Fagg ya sanar da duniya labarinsa. Masu binciken Jami'ar Frankfurt ta Jamus, waɗanda suka fara tono a yankin tun 2005, sun sami ƙonannen gero da wake da ƙwallayen atili a kufan mutanen Nok, a 2021 kuma aka bayyana cewa an gano alamar kakin zuma a tukwanensu masu shekara wajen 3,500. Sanin itatuwan daji da amfaninsu tsohon gado ne a nan.

Abin da masana suka tattara daga bakin masu maganin gargajiya a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ya nuna kusan babu sashen jikin ciwo da ba a aiki da shi. Ganyen iri na farko akan dafa shi a sha ruwan saboda zazzaɓin cizon sauro, akan kuma sha shi don wanke ciki. Ɓawonsa da farin ruwan jikinsa akan ba da su saboda tsutsar ciki. Saiwar akan jiƙa ta ko a dafa ta a ba mai ciwon sanyi. Iri na biyu kuma a wasu ƙasashe akan dafa ɓawonsa saboda sanyin ƙashi, a shafa ruwan jikinsa a kan maruru da gyambo, a kuma ba mai jego don ƙarin ruwan nono. 'Ya'yan suna da bitamin C, irin wanda ake samu a lemo, a wurare da dama kuma akan jiƙa tsokar a tsamama kunu da ita kamar yadda ake yi da tsamiya. Yara kan shafa danƙon a kara su kafa a bakin ruwa su kama tsuntsaye.

Masu bincike a wasu jami'o'in ƙasar nan sun gwada ruwan ganyen ciwo a jikin ɓeraye, suka ga yana rage kumburi da raɗaɗi. Wannan ya nuna tsofaffi ba a banza suka riƙe shi ba, da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani. Ai kwinin ma daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu aka samo shi, maganin zazzaɓin da asibitoci ke bayarwa yanzu kuwa daga wani tsiro dangin tazargade ne, wanda wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta sami lambar yabo ta Nobel a kansa a 2015.

AMMA FA A YI HATTARA

Gwaji a jikin ɓera daban, warkar da mutum daban. Kafin kwinin da ɗan'uwansa su shiga asibiti sai da aka tace su, aka auna, aka san iyakar abin da babba zai sha da wanda yaro zai sha. Jiƙon gida ba shi da wannan ma'auni. Abin da ke wanke cikin babba yana iya sa ƙaramin yaro zawo har ruwan jikinsa ya ƙare. Mace mai ciki ma bai kamata ta kusanci irin wannan jiƙo ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya duka a Nijeriya suke, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma su cutar ta fi kashewa. Yaron da jikinsa ya yi zafi, musamman in ya fara suma ko amai ko ya ƙi nono, asibiti za a kai shi a ranar, a gwada jininsa. Kwana biyun da za a ɓata ana jiran jiƙo ya yi aiki yana iya zama ajalinsa. Haka kuma ciwon sanyi: raɗaɗin yana iya lafawa alhali cutar tana nan, har ta kai ga hana haihuwa ga miji ko matarsa.

Hatsari na biyu shi ne kuskuren itace. A cikin kurmin nan da ciwo ke hawa akwai wani ɗan'uwansa mai yaɗo da ake kira kwankwani, wanda da 'ya'yansa maharba ke haɗa dafin kibiya, dafin da ke tsayar da zuciya. In suna da 'ya'ya ba a rikita su, domin na kwankwani dogaye ne biyu a haɗe kamar ƙahon sa, da iri mai gashi a ciki. Amma ɓawo da saiwa da aka sassaƙe aka shanya aka kawo kasuwa, sai gwani ke rarrabe su. Wanda bai san itace a tsaye ba, kada ya saye shi a ƙulle.

Na uku ya shafi yara masu shan 'ya'yan. Tsokar tana manne da ƙwallo, saboda haka yaro kan haɗiye duka. Likitoci a ƙasashen Afirka ta Yamma inda ake yawan shan wani ɗan'uwan ciwo sun ba da rahoton waɗanda ƙwallayen suka toshe musu hanji. Iyaye su koya wa yara su tsotse su tofar.

ZAMANIN DANƘO

A 1888 wani Bature mai suna Dunlop ya ƙirƙiro tayar keke mai iska, ba a daɗe ba motoci suka biyo baya, sai Turai ta shiga neman roba ido rufe. A lokacin babu gonakin roba, daga daji ake samo ta, a Afirka kuwa ciwo da danginsa suna cikin manyan itatuwan da ake tatsa. Akan tsaga ɓawon a tari ruwan, a zuba masa ruwan lemon tsami ko na gishiri ya daskare, a dunƙula a kai kanti. Danƙon iri na farko shi ne mai kyau. Na iri na biyu yana da yauƙi, ba ya daskarewa sosai, sai masu algus su riƙa gauraya shi da mai kyau.

A Kwango wannan ciniki ya zama bala'i. Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, wanda ya mallaki ƙasar a matsayin kayansa daga 1885 zuwa 1908, ya ɗora wa kowane ƙauye adadin danƙon da zai kawo. Ƙauyen da ya gaza, sojojinsa su ƙone shi, su kama mata, su yanke hannuwan mutane. Miliyoyin rayuka suka salwanta ta hanyar kisa da yunwa da cututtuka.

A Nijeriya cinikin ya bunƙasa a Ikko wajen 1895. A Arewa kuma daga lardunan da ke kusa da Kwara da Binuwai aka fi samo danƙon, watau Kabba da Bassa da Nasarawa, ƙasar Jama'a kuwa a ƙarƙashin Lardin Nasarawa take har 1926. Da yake kowa na gaggawar samun kuɗi, maimakon a tsaga ɓawo a bar itacen ya warke, sai a janyo shi ƙasa a daddatsa, har a tone saiwar a daka. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokokin hana wannan ɓarna, amma abin da ya ceci ciwo daga waje ya zo. Irin robar Birazil da aka kai Ingila a 1876, daga can aka wuce da shi Malaya da Silon, ya zama manyan gonaki, wajen 1913 robar gona ta rinjayi ta daji, farashi ya faɗi, aka rabu da ciwo. Sai a Yaƙin Hitila, da Jafan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingilishi suka sake tura mutane daji neman danƙo, da yaƙi ya ƙare aka sake barinsa.

Sau biyu ke nan ana sare ciwo yana dawowa. Dalili kuwa shi ne a duka lokutan biyu shi kaɗai aka sare, aka bar kurmin. Saiwar da ta rage ta tofo, ta tarar da inuwa, ta tarar da itacen hawa.

KURMI NA ƘAREWA

Yanzu abin ya juya. Ba mai neman ciwo da gatari, kurmin ne ke tafiya. Sunayen garuruwa sun isa shaida yadda yake da yawa a da: Kurmin Musa, Kurmin Jibrin, Kurmin Biri. A cikin birnin Kaduna akwai Kurmin Mashi, inda yau gidaje da kwalta suka maye wurin itatuwa.

Noman citta, wanda ya kafu a wannan yanki tun wajen 1927, shekarar da reluwe ya mayar da Kafancan mahaɗa, shi ne arzikin Jaba da Kaciya da Kagarko. Citta tana son sabuwar ƙasa mai taushi, tana kuma bukatar a rufe kunyarta da ganye da ciyawa bayan shuka, saboda haka manomi kan matsa zuwa bakin kurmi, ya kuma sassabe rassa don rufi. Ga masu injin yankan katako da suka bi loko da maɗaci da madobiya. Ita madobiya har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2017, saboda yadda ake lodinta zuwa ƙasar Sin. Ga buhunan gawayi jere a bakin hanya suna jiran motocin Abuja da Kaduna. A da kusan kowace al'umma a nan tana da kurmin da al'ada ta hana a sa masa gatari, saboda nan ne wurin ibadar gargajiya. Wannan kariya ta yi rauni, ba a kuwa kafa wata a madadinta ba.

In aka kayar da babban itace guda, ciwon da ke kansa ya faɗo tare da shi. Rana ta shiga, ciyawa ta tsiro, da rani wuta ta bi ciyawar ta shiga inda a da ba ta iya shiga. Bayan 'yan shekaru rafin da ke gudu har bazara sai ya fara ƙafewa tun hunturu, mata su ƙara nisan tafiya neman ruwa.

Annobar da ta faɗa wa citta a daminar 2023, wadda ta ruɓar da gonaki a Kudancin Kaduna ta jawo asarar biliyoyin naira, ta nuna wa manoma hatsarin dogara ga amfanin gona guda.

ABIN DA WASU SUKA YI

A yankin Kasamansi na kudancin Senegal akwai ɗan'uwan ciwo da suke kira mad. Ƙungiyoyin mata suna sarrafa 'ya'yansa su yi abin sha da na shafa wa burodi, ana kai shi har Dakar, a 2024 kuma aka yi masa rajista ta musamman da sunan yankin, yadda ba mai sayar da wani da wannan suna. Tun da kuɗi ke fitowa daga dajin, mutanen ƙauyuka da kansu suke tsaronsa, suna hana tsinkar ɗanye da sare reshe. A Zanzibar ma ruwan 'ya'yan iri na biyu, wanda suke kira bungo, sanannen abin sha ne da ake sayar wa baƙi. Abin da ake sayarwa a can shi ne ke zuba yana ruɓewa a kurmin Jaba.

Ya kamata Gwamnatin Jihar Kaduna da Ƙaramar Hukumar Jaba, tare da Mai Martaba Kpop Ham da sauran sarakunan yankin, su tsayar da doka a kan sare itace a bakin rafi, a bar wa kowane rafi 'yan ƙafafu dama da hagu da garma ba za ta shiga ba. Sashen koyon aikin gona na Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafancan yana iya reno dashen ciwo ya raba wa manoma da makarantu. Masana harhaɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja su zauna da tsofaffin masu magani, a rubuta abin da suka sani tun suna raye, a auna shi, a faɗa wa jama'a wanda ke da amfani da wanda ke da illa. Masu sassaƙe kuma su riƙa ɗiban ɓawo ta gefe guda, kada su zagaye itacen, kada su tone saiwa duka.

Shi kuwa manomin da ke da atili ko maɗaci a gefen gonarsa kusa da ruwa, ba sai ya jira gwamnati ba. In damina ta sauka yara suka kawo ciwo gida, ya karɓi ƙwallaye biyar ko shida tun suna ɗanye, ya binne su a gindin itacen ta wajen inuwa, ya share ciyawar kewaye kafin lokacin gobara. Allah ya sa a farga tun da sauran kurmi a tsaye.